Lambar Riƙo: Yadda Cibiyar Na'ura Ta Ke Raba Lambobi

Ranar kasuwa a Gagamari, cikin ƙasar Shetimari, akwai wata rumfa wadda ba ta rabuwa da mutane. Rumfar mai cajin waya ce. Yana da wani dogon katako wanda ya kafa wa guraben wuta a jere. Wutar kuwa daga farantin sola ta ke zuwa, ko daga ɗan ƙaramin inji. Kowane gurbi da lambarsa.

Manomi ya taso daga gaɓar Komadugu da buhunan tattasai, wayarsa ta mutu a hanya. Sai ya miƙa ta ga mai rumfa. Mai rumfa ya dubi katako, ya ga gurbin da babu kowa, ya jona wayar a nan. Sa'an nan ya ba manomi ɗan guntun kwali mai lamba. Manomi ya sa kwali cikin aljihu, ya tafi wurin cinikinsa.

Mai rumfa ba ya riƙe sunan kowa a ka. Wanda ya kawo kwali mai lamba 7, shi ke da wayar da ke gurbi na 7. In an karɓi waya, kwali ya koma hannun mai rumfa. Ba za a daɗe ba wani zai zo, a miƙa masa wannan kwalin.

To, cikin wayoyin da ke jere a kan katakon ma, irin wannan aiki a ke yi. Ana ba da lamba, ana karɓar lamba, dare da rana, ba tare da mai waya ya sani ba.

Manhaja, fayil da cibiya

Waya ta zamani ƙaramar kwamfuta ce. A cikinta akwai manhajoji iri iri. Wata ta ɗaukar hoto ce, wata ta aika saƙon murya, wata ta lissafi. Akwai kuma fayiloli. Fayil shi ne duk abin da aka ajiye ƙarƙashin suna guda: hoton gona, ko muryar da ɗan kasuwa ya aiko daga Maiduguri, ko jerin sunayen masu bashi. Da Faransanci ana ce masa fichier.

Manhaja ba ta da ikon shiga ma'ajiya da kanta ta ɗauko fayil. Da an bar kowace ta yi yadda ta ga dama, da wannan ta goge kayan waccan, waccan kuma ta karanta asirin wannan. Saboda haka akwai wata babbar manhaja a tsakiyar na'ura wadda ke riƙe da makullan kome. Ita ke magana da ma'ajiya, da gilashin waya, da kyamara. Faransawa suna kiranta noyau, wato ƙwallon da ke tsakiyar ɗan itace, kamar na dabino. A cikin wannan karatu za a kira ta cibiya.

Cibiyar da ke cikin wayoyin Android sunanta Linux. Wani ɗalibi ne ya fara rubuta ta a 1991, a jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, yana da shekara 21. Sunansa Linus Torvalds. Wayar Android ta farko ta shiga kasuwa a 2008. Yawancin wayoyi masu gilashin shafawa da a ke gani a Diffa da Shetimari, Linux ce a cikinsu.

Manhaja ta roƙi fayil

In manhaja tana son hoto, sai ta ce wa cibiya: buɗe mini fayil mai suna kaza, ina so in karanta. Cibiya ta bi sunan har ta sami inda fayil ya ke. Ta duba ko an yarda wannan manhaja ta taɓa shi. In an yarda, ta buɗe. Amma ba ta miƙa shi ga manhaja. Yana nan a hannunta. Abin da ta ke ba manhaja ƴar ƙaramar lamba ce kawai, 3 ko 4 ko 27. Ita ce lambar riƙo. A littattafan Faransanci sunanta descripteur de fichier.

Daga nan an gama da suna. Manhaja sai ta riƙa cewa: karanta mini daga 3, rubuta wannan a 4, na gama da 3, rufe. Neman suna yana cin lokaci, kamar neman gidan baƙo a Diffa, ana tambaya unguwa unguwa. Lamba kuwa kai tsaye ta ke kai cibiya ga layin da ta ke nema. Ga kuma tsaro. Manhaja ba za ta ƙaga lamba ta sami kayan wani ba. In ta faɗi lambar da ba a ba ta ba, cibiya ta duba layin, ta ga fanko ne, ta ƙi.

A nan akwai bambanci da rumfar caji. Mai caji katako ɗaya gare shi domin kowa da kowa. Cibiya kuwa kowace manhaja mai aiki ta yi mata allonta daban. Lamba 3 ta manhajar hoto ba ita ce lamba 3 ta manhajar lissafi ba. Kamar kayen kiran suna ne a makaranta. Na 3 a ajin CE1 wani yaro ne, na 3 a ajin CM2 wani ne daban. Ba wanda ke rikicewa, domin kowane aji da kayensa.

Kuma ba fayil kaɗai ke samun lamba ba. Hanyar da manhaja ta buɗe zuwa intanet ma tana da tata. Cibiya duk kallo ɗaya ta ke yi musu: abin da a ke buɗewa, a karanta, a rubuta, a rufe.

Sifiri, ɗaya, biyu

Ƙidayar cibiya daga 0 ta ke farawa. Bisa al'ada kuma, lambobi uku na farko an riga an ba da su tun kafin manhaja ta fara aiki. Lamba 0 kunnen manhaja ce, ta nan ta ke karɓar abin da mutum ya buga. Lamba 1 bakinta ce, ta nan amsa ke fita. Lamba 2 ta kuka ce, ta nan manhaja ke faɗin matsalar da ta samu. Shi ya sa fayil na farko da manhaja ta buɗe yakan sami 3.

Wannan al'ada ta girmi Linux. Ta samo asali daga wani tsari mai suna Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a 1969, a gidan bincike na Bell da ke jihar New Jersey a Amurka. A wancan lokaci kwamfuta takan cika kusurwar ɗaki. Mutum yana magana da ita ta wani keken rubutu mai buga amsa a kan takarda. Maɓallan keken su ne 0, takardar ita ce 1.

Lamba 2 tana da labarinta. Da farko kuka da amsa duk ta hanya ɗaya su ke fita. A cikin shekarun 1970 ma'aikatan gidan suna da wata na'urar shirya ɗab'i. Da takardar hoto ta ke aiki, mai tsada, wadda sai an wanke ta kafin a ga abin da ke kanta. Wani lokaci a jira, a wanke takarda, sai a tarar da layi guda tak, an tsara shi da kyawawan haruffa, yana cewa ba a iya buɗe fayil ba. Ga asarar takarda, ga asarar lokaci. Sai aka ware wa kuka hanyarsa.

Wacce za a ba ta?

Ga babbar tambayar wannan karatu. In manhaja ta roƙi sabuwar lamba, wacce cibiya za ta ba ta? Dokar gajeriya ce. Za a ba ta lamba mafi ƙanƙanta wadda babu kowa a kanta.

A ce manhaja tana riƙe da 0, 1 da 2. Ta buɗe fayil uku, ta sami 3, 4 da 5. Ta rufe 4. Ta sake buɗe wani fayil. Ba 6 za a ba ta ba, 4 za a ba ta, domin layin 4 fanko ne. In ta ƙara buɗe wani, sa'an nan ta sami 6. In ta rufe 5, ta rufe 3, ta roƙi sabuwa, 3 za ta samu, ko da ya ke 5 aka fara rufewa.

Wata ƴar makaranta ta ji wannan doka, ba ta gamsu ba. Ta tambayi wanta, wanda ke gyaran waya a Diffa.

Ta ce, "Yaya, don me ba za a ci gaba da ƙidaya ba, 6, 7, 8, har abada? Ai da ba a rikice ba."

Ya ce, "Ke, lambar nan ai lambar layi ce a kan allo. In manhaja ta buɗe ta rufe sau dubu ɗari a yini, allo mai layi dubu ɗari za a yi mata? Alhali abu uku ko huɗu kaɗai ke buɗe a lokaci guda."

Ta ce, "To, a ba ta duk fankon da aka fara gani mana, Yaya."

Ya yi dariya ya ce, "In kin fara dubawa daga sama, fankon da kika fara gani wace lamba gare shi?"

Ta yi shiru kaɗan, ta ce, "Mafi ƙanƙanta."

Haka kuwa abin ya faro. A cikin Unix bugu na shida, wanda ya fito a 1975, allon kowace manhaja layi 15 ne kacal. Umurnin neman lamba bai kai layi goma sha biyar na rubutu ba. Cibiya ta fara daga 0, ta bi layi layi, fankon farko shi ke nan. Ba wanda ya zauna ya yi shawarar kafa doka. Hanya mafi sauƙi ce aka bi. Amma masu rubuta manhaja suka lura da halin cibiya, suka dogara da shi, suka gina aikinsu a kansa. Da aka rubuta ƙa'idojin da a ke kira POSIX a 1988, domin tsare-tsare masu kama da Unix su yi hali ɗaya, sai halin ya zama doka a rubuce.

Dabarar karkatar da baki

Me suka gina a kansa? Ga misali mafi shahara. Akwai manhaja mai jera sunaye daga A zuwa Z. Ita abin da ta sani, ta rubuta amsarta a lamba 1, amsa ta fito a gilashi. Yau kuwa mutum yana son amsar ta shiga cikin fayil, ya ajiye. Shin sai an sake rubuta manhajar? A'a.

Manhajar da ke karɓar umurnin mutum ita ke shirya allo kafin mai jera sunaye ta fara aiki. Sai ta rufe lamba 1. Nan da nan ta buɗe fayil ɗin da a ke so. Cibiya ta duba: 0 da mai ita, 1 fanko. Sai ta ba fayil lamba 1. Mai jera sunaye ta gaji wannan allo, ta fara aiki, ta rubuta a 1 kamar kullum. Ba ta ma san an karkatar da bakinta ba. Dabara ce mai daɗi, domin manhaja dubu suna amfana da ita ba tare da an taɓa ko ɗaya ba. Da cibiya za ta ba da lambar da ta ga dama, da dabarar ta rushe.

A 1973 aka ƙara wani abu. Aka sami hanyar haɗa bakin wata manhaja da kunnen wata, lamba 1 ta wannan da lamba 0 ta waccan. Douglas McIlroy ne ya daɗe yana neman a yi haka. Tun 1964 ya kwatanta abin da tiyon ban ruwa, wanda a ke jona wani guntu a bakin wani. Duk yaron da ya taɓa taya mahaifinsa jan tiyo daga inji zuwa fangalin tattasai ya gane wannan kwatanci.

Ramuka da tsakuwoyi

Bin layi 15 ɗaya bayan ɗaya ba wuya. A bugu na bakwai, na 1979, layukan sun zama 20, har yanzu ba wuya. Amma manyan kwamfutocin da ke karɓar saƙonnin jama'a ta intanet, manhaja guda takan riƙe lamba dubu hamsin ko fiye. In za a fara daga 0 kowane lokaci, aiki ya tsaya.

Ga yadda Linux ke yi. Ban da allo, tana da wani abu mai kama da gurabun dara. Kowace lamba da raminta. In lamba tana hannun wani, akwai tsakuwa a ramin. In babu kowa, rami fanko ne. Ramukan a jere su ke, 64 a kowane jeri, kuma na'urorin yanzu suna iya duban jeri guda cur da kallo ɗaya. In jeri ya cika, cibiya ta tsallake shi gaba ɗaya.

Tana kuma riƙe da wata ƴar alama mai cewa: ƙasa da nan duk a cike ya ke, kada a wahala. In aka rufe wata lamba a ƙasa, alamar ta komo baya zuwa wurin.

A 2015 aka ƙara dabara ta uku, domin an ga masu riƙe lambobi da yawa suna ɓata lokaci wajen nema. Aka yi wani ƙaramin jeri a gefe. Kowane raminsa yana wakiltar jeri guda na 64. In akwai tsakuwa a ciki, wancan jeri ya cika maƙil. Ke nan da kallo ɗaya cibiya ta san labarin ramuka 64 sau 64, wato 4096.

Allon kansa ba babba a ke fara yinsa ba. Layi 64 a ke ba sabuwar manhaja, domin yawancinsu ba su buƙatar fiye da haka. In ya cika, cibiya ta yi sabo mai layi 128, ta kwafe tsohon a ciki, ta yar da shi. In wannan ma ya cika, sai 256, sai 512. Kullum ninki a ke yi.

Akwai wani tsari na aiki da ya kamata a lura da shi. Cibiya tana fara sa tsakuwa a rami, kafin ta je ɗauko fayil. Dalili kuwa, manhaja guda tana iya samun hannuwa da yawa masu aiki a lokaci ɗaya. In hannu biyu suka roƙi lamba tare, kada a ba su rami guda. Saboda haka akwai makulli. Hannu ɗaya ya shiga, a sa masa tsakuwa, ya fito, sa'an nan na biyu. In aka je ɗauko fayil aka tarar babu shi, sai a cire tsakuwar, lamba ta koma fanko.

Abin da ke bayan lamba

Layin allo ba fayil ne a kansa ba. Nuni ya ke yi zuwa wata takardar shaida da cibiya ta ajiye. A kan takardar an rubuta wane fayil ne, ko domin karatu aka buɗe shi ko domin rubutu, da kuma inda aka tsaya. Inda aka tsaya kamar tsinken da ɗalibi ke sawa cikin littafi ne. Manhaja ta ce a karanta mata haruffa ɗari, tsinke ya matsa gaba da ɗari.

In aka buɗe fayil ɗaya sau biyu, takarda biyu ke nan, tsinke biyu. Amma lamba biyu suna iya nuni ga takarda ɗaya, kamar yadda ya ke faruwa in wata manhaja ta gaji allon wata. A nan tsinke ɗaya su ke turawa. Cibiya tana ƙirga lambobi nawa ke riƙe da kowace takarda. Sai na ƙarshe ya saki ta ke rufe fayil da gaske. Ko an goge sunan fayil, muddin akwai mai riƙe da shi, wurin da ya ci a ma'ajiya ba ya dawowa.

Lamba tana ƙarewa

Allo ba ya girma har abada. Cibiya tana sa wa kowace manhaja iyaka. A kwamfutoci da yawa masu Linux iyakar farko 1024 ce, wato jeri 16 na ramuka 64. Mai kula da na'ura yana iya ɗaga ta. In manhaja ta kai iyaka ta roƙi wata, cibiya ta amsa mata da -1. Ba ta amsawa da 0, domin 0 lambar riƙo ce ta gaskiya. Tare da -1 tana ba da lambar dalili. Dalili na 24 ma'anarsa abubuwan da ke buɗe sun yi yawa.

Yawanci ba yawan aiki ke kawo haka ba, mantuwa ce. Wanda ya rubuta manhaja ya sa ta buɗe, ya manta bai sa ta rufe ba. A ce tana mance lamba ɗaya kowane minti. Daga 1024 a cire uku na farko, saura 1021. Cikin awa 17 da minti ɗaya sun ƙare. Manhajar da ke aiki lafiya da asuba, da dare ta kasa buɗe hoto, ta kasa kama intanet.

Mai waya kuwa sai ya zaci ma'ajiya ce ta cika. Ya hau goge hotunan biki da na gona. In matsalar ta lambobi ce, a banza ya yi asararsu, domin ba wuri ne ya ƙare ba. Abin da zai fara gwadawa shi ne ya rufe manhajar gaba ɗaya, ya sake kunna ta. In manhaja ta mutu, cibiya tana kwashe duk tsakuwoyinta, ta rufe duk abin da ta bari a buɗe. Sabon allo ke nan. Amma magani na ɗan lokaci ne, sai mai manhaja ya gyara mantuwarsa.

Tsohon kwali

Mantuwa da sauƙi, domin ana ganinta. Wadda ta fi haɗari ita ce amfani da lambar da aka riga aka mayar. A rumfar caji kwali abu ne na hannu, in an mayar an mayar. Lamba kuwa ba ta fita daga kan wanda ya san ta. Kuma dokar mafi ƙanƙanta tana sa lambar da aka saki yanzu ta koma hannun wani nan take.

A ce manhaja tana da hannu biyu. Hannu na farko ya gama da wani hoto, ya rufe 4. Hannu na biyu ya buɗe jerin sunaye domin ya ƙara rubutu. Cibiya ta ba shi 4, bisa doka. Sai hannu na farko, saboda kuskuren mai rubuta manhaja, ya sake cewa a rufe 4. Cibiya ba ta san niyyar kowa ba. Ta duba, ta ga 4 a buɗe, ta rufe. Hannu na biyu ya zo rubuta suna, ya tarar an rufe masa ƙofa. Wannan ma da dama dama. In kafin ya zo an riga an ba wani fayil na uku lamba 4, sunan zai shiga cikin wancan fayil, kuma ba wanda zai yi kuka.

A wannan yanki ba ƙaramar magana ba ce. Tun 2015, da rikicin Boko Haram ya tsananta a gaɓar Komadugu, iyalai da yawa sun bar garuruwansu. Wasu suka zauna bakin babbar hanya, wasu a sansanin Sayam Forage. Ana rubuta sunayen masu gida da yawan ƴaƴansu a cikin wayoyi da kwamfutoci. Haka ma awon jarirai a asibiti, da bashin ƴan kasuwa. Sunan da ya faɗa cikin fayil ɗin da ba nasa ba, iyali ne guda da za a nema a jeri a rasa. Shi ya sa masu rubuta manhaja na kirki, da zarar sun rufe lamba, su kan goge ta daga inda suka ajiye ta, su rubuta -1 a wurin.

Masu Android sun sha fama da wannan kuskure, domin yana da wuyar kamawa: wanda ya yi laifi daban, wanda ya faɗi daban. A Android 10, ta 2019, suka sa wani mai gadi. Ana iya maƙala wa lamba shaidar mai ita. In wani hannu ya zo rufe lambar da ba tasa ba, mai gadi ya rubuta gargaɗi. Daga Android 11, ta 2020, ba gargaɗi kaɗai ba, tsayar da manhajar ya ke yi nan take. Mai waya zai ji haushi in manhaja ta mutu a hannunsa. Duk da haka ya fi masa a kan ta ci gaba tana ɓata masa rubutu a ɓoye.

Dokar tana da wani tsada kuma. Wayoyin yanzu da yawa ƙwaƙwalwa takwas gare su masu aiki tare, manyan kwamfutoci kuwa fiye da haka nesa. Amma kafin a san lamba mafi ƙanƙanta, dole hannuwan manhaja su bi layi a bakin makulli ɗaya. A 2013 wasu masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka suka nuna cewa in manhaja ta yarda a ba ta kowace lamba, kowace ƙwaƙwalwa za ta iya raba nata lambobi ba tare da jiran kowa ba. Linux ba ta bar dokar ba. Manhajojin da suka dogara da ita sun yi yawa, wasu tun shekarun 1970.

Wanda ya sami kwamfuta mai Linux yana iya ganin lambobin da idonsa. Ya buga ls /proc/self/fd. Za a nuna masa 0, 1, 2 da 3. Uku na farko an san su. Ta huɗu kuwa, manhajar ls ce da kanta ta buɗe wurin da a ke ajiye jerin domin ta karanta shi, aka ba ta mafi ƙanƙantar da ta rage.

Wasa a filin makaranta

A haƙa ramuka 15 a jere, kamar Unix ta 1975. A rubuta musu lamba a ƙasa daga 0 zuwa 14. A sa tsakuwa a 0, 1 da 2. Ɗalibi ɗaya shi ne cibiya, littattafan aji suna gabansa. Sauran su ne hannuwan manhaja. Mai so ya ce, "Buɗe mini littafin lissafi." Cibiya ya sa tsakuwa a rami mafi ƙanƙanta, ya ɗora littafin a gefensa, ya faɗi lamba. Mai cewa "rufe" ya faɗi lamba kawai, ban da suna. In ramuka sun cika, cibiya ya ce, "Ban da ɗaya, dalili na 24." Daga baya a sa wani ɗalibi ya rufe lamba guda sau biyu da gangan, a ga littafin wa zai ɓace.

Tambayoyi

1. Don me cibiya ba ta miƙa wa manhaja fayil ɗin kansa?
2. Manhaja tana riƙe da 0, 1, 2, 3, 4, 5 da 6. Ta rufe 5, ta rufe 1, ta buɗe fayil uku. Waɗanne lambobi za ta samu, kuma wacce za ta fara zuwa?
3. Manhajar hoto tana da lamba 3, manhajar lissafi ma tana da lamba 3. Fayil ɗaya su ke riƙe da shi? A yi bayani.
4. A fassara da Faransanci: cibiya, fayil, buɗe, rufe, lamba mafi ƙanƙanta.
5. Allo ya fara da layi 64, yana ninkawa duk lokacin da ya cika. Sau nawa zai ninka kafin ya kai 1024?
6. Wata manhaja tana mance lamba uku kowane minti, iyakarta kuwa 1024. An kunna ta da ƙarfe 7 na safe. Wajen ƙarfe nawa cibiya za ta fara amsa mata da -1?